Matashi ya ce yana da kira, dattawa sun ce ya jira: yaya ake tsara wannan jiran?

Magatakardan majami'a:

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a aikin nan. Akwai matashi a ikkilisiyarmu, shekararsa 24, an yi masa baftisma shekara biyu da suka wuce. Allah ya ba shi baki, in ya tsaya a taron matasa kowa yakan natsu. Yanzu ya zo gaban dattawa ya ce an kira shi aikin fasto, yana so a ba shi wasiƙar shaida ya tafi makarantar tauhidi bana. Dattawa sun rabu biyu. Wasu sun ce kada a tare wa Ruhu hanya, wasu sun ce ya jira tukuna. Da aka tambayi masu cewa ya jira, har yaushe, kuma me zai riƙa yi, sai kowa ya yi shiru. Shi kuwa yaron ya fara cewa in an hana shi zai kama ajin firamare ya buɗe nasa taron addu'a. Jiran nan na tsawon wane lokaci ne ya dace? Me ake sa mutum ya yi a cikinsa? Kuma da me za mu gane ya isa a sake shi?

Rabaran mai ritaya:

Malam magatakarda, sannu da ɗawainiya. Shirun da dattawanku suka yi ya fi damuna a kan zafin yaron. In ka ce wa mutum ya jira ba ka ba shi abin yi ba, zaman kashe wando ka sa shi, kuma ba abin da yake fitowa daga irin wannan zaman sai gunaguni.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 1 tare da dattawan. Almajiran nan sun bi Yesu wajen shekara uku, sun gan shi bayan tashinsa har kwana 40, ya riga ya gaya musu aikin da za su yi, amma ya ce kada su bar Urushalima. Kwana goma suka yi kafin Fentikos. A kwanakin nan suna wuri ɗaya, su wajen 120, har da mata da Maryamu uwar Yesu. Sun nace da addu'a, sun bincika Zabura, sun cike gurbin da Yahuza ya bari. Addu'a, Nassi, da gyaran gida tare. Abin da ake cika jira da shi ke nan har gobe.

Bulus ma ku bi sawunsa a hankali, domin masu gaggawa sukan kafa hujja da shi. Gaskiya ne yana tuba ya fara shaidar Yesu a majami'un Dimashƙu, ba wanda ya rufe masa baki. Amma ya tafi Arabiya, sai bayan shekara uku ya je Urushalima ya yi kwana 15 wurin Bitrus, daga nan 'yan'uwa suka tura shi garinsu Tarsus. Can Barnaba ya je ya nemo shi, suka yi shekara guda cur suna koyarwa a Antakiya. Ga abin da mutane sukan tsallake: a ƙarshen Ayyukan Manzanni sura 11 ikkilisiya ta damƙa musu gudummawar 'yan'uwan Yahudiya su kai, suka kai, suka dawo. Sai a sura 13 aka yi azumi da addu'a, aka ɗora musu hannu, aka sallame su. An gwada shi da kuɗin jama'a kafin a aike shi. Saboda haka ku raba abu biyu. Shaidar Almasihu hakkin kowane mai bi ne tun ranar da ya tuba, kada ku hana yaron. Riƙon garke kuwa, wato shugabancin ikkilisiya, shi ne Bulus ya ce kada a ba sabon tuba, don kada girman kai ya kayar da shi, ya kuma gargaɗi Timoti kada ya yi saurin ɗora wa kowa hannu.

Nassi bai yanke adadin watanni ba. A ganina, ga wanda baftismarsa ba ta wuce shekara biyu ba, wata 18 zuwa shekara biyu. Dalili shi ne zafin farko yakan huce cikin wata shida, abin da ya rage bayan ya huce shi kuke son gani. Kuna kuma so ku gan shi a kowane yanayi na ikkilisiya: hidimar Kirsimeti da Ista, damina lokacin da benci yakan zama wayam saboda gona, jana'iza, da ranar da aka yi saɓani a taron matasa aka ƙi ra'ayinsa.

Wata shida na farko kada ya hau mimbari ranar Lahadi. Ku ba shi aikin da ba a tafa wa mutum: buɗe majami'a, shara, jera benci, da ajin yara 'yan shekara shida zuwa goma a Makarantar Lahadi. Kada ku raina wannan ajin. Wanda ya iya bayyana wa yaro labarin ɗan da ya ɓace cikin minti goma har yaron ya maimaita wa uwarsa a gida, ya fahimci labarin. Mai dogaro da ɗaga murya a nan asirinsa yake tonuwa. Sau biyu a mako ya raka fasto ziyarar marasa lafiya da gidajen makoki, shi ne zai karanta Nassi, sauran kuwa ya kasa kunne. Ya ga yadda ake zama da wadda ta rasa ɗa, a yi rabin sa'a ba a faɗi kalma goma ba.

Wata shida na biyu ya jagoranci addu'ar tsakiyar mako, da gargaɗi na minti goma wanda zai rubuta ya nuna wa fasto kwana biyu kafin ranar. Ya kuma taimaka a ajin baftisma. Bayan shekara ta cika, wa'azin minti 20 sau ɗaya a wata biyu, zai fi kyau a ƙaramar majami'ar ƙauye inda mutum 15 ne za su zo, ba lasifika. Duk bayan wa'azi dattawa biyu su zauna da shi a makon nan: me ayar ta ce, shi ne abin da ka faɗa, kuma wa jama'a suka tafi gida suna tunawa, Yesu ko kai? Ku lura da fuskarsa lokacin da ake gyara masa. Wannan ya fi wa'azin kansa gaya muku gaskiya.

Karatu kuwa, Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne. Sura huɗu a rana, zai sauke cikin wata goma. Ya bi shi daga Farawa zuwa Wahayi, har da Littafin Firistoci da ƙananan annabawa, ba tsinto ayoyin da suke daɗin wa'azi ba. A haɗa shi da dattijo guda, ba kwamiti ba, su riƙa zama sa'a ɗaya kowane mako a rana sananniya.

Abin da yakan ɓata aikin shi ne abin da ya kayar da Sarki Saul a Gilgal. An ce ya jira kwana bakwai, ya ga jama'a suna watsewa, ya miƙa hadayar da ba tasa ba ce, yana gamawa annabi Sama'ila ya iso. Tsoron kada mutane su watse, kada sa'o'insa su riga shi, shi ke tura matashi. Dattijon da aka haɗa su ya taɓo wannan tsoron da sunansa tun a zaman farko.

Uwar Zumuntar Mata:

Baba Rabaran ya gama da majami'a, bari in shiga gida, domin can ne mu mata muka fi gani.

Ku karanta 1 Timoti sura 3 ku ƙirga. A duk abubuwan da ake nema ga mai kula da ikkilisiya, iya koyarwa ne kaɗai ya shafi baki. Sauran duk hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, rashin faɗa, rashin son kuɗi, riƙon gida, da kyakkyawar shaida a wurin na waje. To ku je wajen. Dattijo ɗaya da mace ɗaya su ziyarci mahaifiyarsa, su ji ko mai wa'azin nan yana ɗebo mata ruwa, yana gaishe ta da safe. A tambayi mai gidan da yake haya, da ubangidansa a wurin aiki, da mai shagon unguwa ko akwai bashin da aka gaji da bi. Maƙwabtansa Musulmi ma a gaishe su a ji ta bakinsu, sau da yawa sun fi mu sanin lokacin da yake dawowa gida da irin mutanen da suke sallama da shi. A yi wannan da saninsa, a gaya masa tun farko za a yi, kada ya zama leƙen asiri.

Zancen kuɗi, ku bi abin da Baba ya nuna a kan Bulus. Ku ba shi riƙon kuɗin wani taron matasa, da littafin shiga da fita, mutum biyu suna sa hannu. Ba yawan kuɗin ne abin dubawa ba. Ya kawo rasit da canji da kansa, ko sai ma'aji ya bi shi sau uku? Wanda naira ɗari biyar ta maƙale a aljihunsa yau yana cewa ya manta, baikon ikkilisiya guda ba zai tsira a hannunsa ba.

Sai abin da maza ba sa son faɗa a taron dattawa. Saurayi mai baki, 'yan mata za su fara zuwa neman addu'a, wasu da gaske, wasu da wata manufa. A kafa masa doka tun yanzu: ba ya yi wa mace addu'a su biyu a ɗaki a rufe, ba hirar dare a WhatsApp da sunan shawara. Mai damuwa ya kawo ta wurinmu ko wurin matar fasto. Yawancin faɗuwar da ake ji daga baya da tausayi ta fara, ba da mugun nufi ba, shi ya sa katangar take da amfani tun kafin a ga ɓaraka.

In yana da wadda zai aura, mata biyu su zauna da ita ba ya wurin. Ta san ana iya tura su ƙauyen da ba wuta ba asibiti? Ta san albashi yakan makara, kuma ana iya yi musu canjin wuri yara suna tsakiyar zangon karatu? Ta san ƙofarta ba za ta rufu ba? In ta yi shiru tana kallon ƙasa, kada a ɗauka kunya ce kawai, a sake komawa. Makarantun tauhidi da dama suna da sashen matan ɗalibai, a tambaya tun da wuri. Kuma don Allah kada ya ajiye aikinsa ko sana'arsa a watannin jiran nan. In ba shi da sana'a ya koya, Bulus da ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti.

In ya yi kuskure a koyarwa, ku yi masa yadda Bilkisu da Akila suka yi wa Afolos. Sun ji shi a majami'a, suka ja shi gefe, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Ku kira shi gida, a zuba masa tuwo, sannan a yi gyaran.

Fasto a filin bishara:

Baba, Mama, na karɓi duk abin da kuka faɗa, amma ku yi mini haƙuri in tsaya wa yaron kaɗan. Kalmar nan "ka jira" an kashe baiwa da yawa da ita. Wani lokaci ba hikima ba ce, kishi ne, ko don yaron ba ɗan gidan kowa ba ne, ko don ba a son fitar da kuɗin makaranta. A ce wa mutum ya jira, shekara huɗu ta wuce ba wanda ya sake tada maganar, ranar da ya koma wata ɗarika kuma a ce dama ba shi da biyayya. Bulus da ya hana ɗora hannu da gaggawa, shi ne ya ce wa Timoti kada ya bari kowa ya raina ƙuruciyarsa.

Don haka, Malam magatakarda, alƙalami yana hannunka. Ka rubuta a littafin taron dattawa ranar farawa, ranar da za a yanke shawara, sunan dattijon da aka ba shi, da abubuwan da za a duba. Shi ma a ba shi kwafi. Duk wata uku a zauna da shi minti 30, a gaya masa inda ya ci gaba da abu ɗaya ko biyu da zai gyara, kada a tara masa laifi sai ranar ƙarshe. A ranar kuwa amsa uku ce kawai: ga wasiƙarka, ko a ƙara wata shida saboda dalili kaza da aka ambata, ko kuma mun ga baiwarka a wani wuri take, koyar da yara ko bishara ko waƙa. Ta ukun tana da zafi, amma ta fi a bar mutum a rataye.

Ikkilisiya ma tana da nata jiran. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku buɗe asusun karatunsa tun watan farko, ko baiko na musamman sau ɗaya a wata uku. Ku aika a tambayo sharuɗɗan shiga makarantar ɗarikarku, ko Kagoro ce ko JETS a Jos, ko Gindiri, ko Kulp a Kwarhi, ko TCNN a Bukuru, domin in takardunsa na sakandare ba su cika ba, wannan ne lokacin gyara su. Ku tuna kuma wasiƙar makaranta ba naɗi ba ce. A ɗarikar ECWA, misali, bayan karatu sai an ba mutum lasisi ya yi shekaru yana aiki ana dubansa kafin a naɗa shi. Akwai sauran matatai a gaba, kada ku nemi ɗan shekara 24 ya nuna halin ɗan 50 kafin ku sa hannu.

Rowland Bingham, ɗan mishan da ya zo daga ƙasar waje, bai wuce shekara 21 ba sa'ad da ya sauka Legas a Disamba 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent. Cikin 1894 abokan nan biyu suka rasu, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida, shi kuma ya koma gida da rashin lafiya. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, aikin da ya haifi ECWA a 1954. Shekarun nan na tsakani sun gyara shiri, amma wutar ƙuruciya ce ta ɗauko su tun farko. Yaronku yana bukatar Barnaba, wanda ya tsaya wa Bulus lokacin da kowa ke tsoronsa, ya kuma sake ɗaukar Markus bayan ya gudu daga aiki. Ku zaɓi dattijon da yake ƙaunarsa, ba wanda ya fi kowa tsanani ba.

Ma'aikaciyar jinya, 'yar ƙungiyar addu'a:

Ƙarin bayani a kan addu'a da azumi, domin a nan matasa suka fi ji wa kansu ciwo.

Kada ya fara da alkawarin sa'a uku kowane dare, mako biyu zai yi ya bari, sai kunya ta sa ya fara nuna abin da babu. Minti 30 a lokaci guda kowace safiya, kafin ya taɓa waya. Ya karanta Zabura da murya, biyar a rana tana ƙarewa cikin wata. Ya yi shiru minti biyar a kan abin da ya karanta. Sannan ya karɓi sunayen gidajen ikkilisiya daga wurinka, Malam, ya riƙa ɗaukar gida biyar kullum yana ambaton su da suna, har da yaransu. Wanda ya yi wata shida yana kai sunan mutum gaban Allah, da wuya ya hau mimbari ya yi masa habaici. Ya sami ƙaramin littafi yana rubuta kwanan wata, abin da ya roƙa, da abin da ya biyo baya. Sau ɗaya a mako ya yi addu'a da 'yan'uwa maza biyu waɗanda ba sa jin nauyin tambayarsa.

Wajen wata na uku ko na huɗu addu'a takan bushe, mutum ya ji kamar da bango yake magana. Ku gaya masa tun yanzu haka za ta faru, kuma ba alamar an janye kiran ba ce. Kada ya ƙara tsawo don ya tilasta wa kansa jin wani abu, ya riƙe lokacin nan dai, ya bar Zabura ta yi masa baki.

Azumi, yini ɗaya a mako daga safe zuwa yamma ya isa, kuma ya sha ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ya buɗe baki da kunu ko abu mai sauƙi. Mai gyambon ciki, mai ciwon suga, mai sikila, da mai shan magani kullum kada su fara sai sun ga likita. Kwana uku ba ruwa yana iya taɓa ƙoda, kwaikwayon kwana 40 kuwa yana iya kai mutum kabari. In ya fara sanar da adadin kwanakinsa a taro, ku mayar da shi Matiyu sura 6.

Mafarki ko wata kalma da ya ce ya ji, ya rubuta ya kai wa dattijonsa kafin ya faɗa wa kowa. Ba a raina ta, ana gwada ta. A Antakiya ma Ruhu ya yi magana ne ana tare, ana sujada da azumi, ikkilisiya ta ji abin da Bulus ya riga ya sani.

Magatakardan majami'a:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan kai wannan taron dattawa na wata mai zuwa. Saura abu ɗaya, Baba Rabaran: in mun shimfiɗa masa duk wannan ya ce bai yarda ba, ya tafi ya buɗe nasa, me za mu yi?

Rabaran mai ritaya:

Kada ku ba shi wasiƙar don tsoron zai tafi, hannunku shaida ce a gaban Allah da makarantar. Kada kuma ku la'ance shi ko ku yi wa'azi a kansa. Buɗe taron addu'a ba zunubin da ake sa mutum a horo ba ne, sai in ya shiga raba ikkilisiya ko koyar da ƙarya. Dattijonsa ya ci gaba da zuwa wurinsa sau ɗaya a wata, ya yi masa tambayoyin da ba wanda zai yi masa a can: wa yake ƙirga baiko, wa yake da ikon ce maka ka yi kuskure, wa yake yi maka addu'a in ka gaji.

Amma kada ku jira taron wata mai zuwa. A makon nan ku kira shi gidan dattijon da kuka zaɓa, ku biyu ko uku kawai, ba a ofishin fasto ba. Rabin sa'ar farko ku bar shi ya faɗi yadda kiran ya zo masa, kada kowa ya katse shi. Mai yiwuwa tun da ya fara maganar nan ba wanda ya saurare shi har ƙarshe. Bayan ya gama ku yi masa addu'a da sunansa, sannan ka fito da takardar, ka nuna masa ranar da aka rubuta za a ba shi amsa.